Me ya haɗa hawan jini da sukari? Tambayoyi daga wata fada a Tahoua

Wani dattijon fadarmu ya je awon tansiyo aka samu 16/10, wato jini ya hau, sai aka ce ya koma da safe bai ci komai ba a duba masa sukari. Ya dawo yana mita: jini ya kai shi, me ya haɗa kifi da kaska? Ga tambayoyin da shi da sauran 'yan fada suka yi, da amsoshinsu.

Mene ne insulin ɗin nan da ake ta faɗa?

Sinadari ne da wata gaɓa mai suna pankiriyas, a bayan tumbi, take zubawa cikin jini bayan an ci abinci. Shi ke ƙwanƙwasa ƙofar tsoka da kitse su karɓi sukari, ya kuma hana hanta zubo nata. A wasu mutanen, musamman masu teɓa da yawan zama, jiki kan yi kunnen ƙashi, sai an ƙwanƙwasa da ƙarfi kafin a buɗe. Pankiriyas sai ta ƙara yawan abin da take zubawa. A haka mutum zai yi shekaru awon sukarinsa na fitowa lafiya lau, alhali jininsa cike yake da insulin.

To ina ruwan wannan da tansiyo?

Nan gizo ke saƙa. Tsoka ce ta toshe kunne, ƙoda kuwa tana jin insulin sarai, kuma abin da yake sa ta yi shi ne ta riƙe gishiri. Gishiri bai zama shi kaɗai, da ruwa yake tafiya. Ruwa ya ƙaru a jijiyoyi, matsi ya ƙaru, kamar tiyon ban-ruwa a garkar albasa idan aka ƙara wa injin wuta.

Yawan insulin kuma yana zaburar da jijiyoyin da ke tashi lokacin firgita, zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke. Ga wani abin haushi: a jiki mai lafiya insulin na taimaka wa hanyoyin jini su saki, amma wannan aikin nasa na alheri yana cikin waɗanda ke raunana. Tiyo ya cika, ga shi ya ƙanƙance.

Wani likitan jami'ar Stanford a Amurka, Gerald Reaven, shi ya fito da wannan alaƙa fili a 1988, ya nuna cewa hawan jini da rikicewar kitsen jini da ta sukari kan taru a jikin mutum ɗaya daga tushe ɗaya.

Kenan duk mai hawan jini yana da wannan matsalar ta insulin?

A'a, Baba. Kusan rabi ake kimantawa. Akwai gado, shekaru, ciwon ƙoda da cin gishiri, kowanne na iya tayar da jini shi kaɗai.

Ya mutum zai gane?

Ba ta ciwo, shi ya sa take shammatar mutane. Ari tef ɗin tela ka auna ƙugu daidai wajen cibiya: daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, a fara lura. Sai kuma wani baƙi-baƙi mai kauri a bayan wuya ko hammata, wanda iyaye kan zaci dauɗa ce su yi ta dirzar yaro da soso, ba ya fita. A asibiti kuwa, sukarin safe daga 1,10 zuwa 1,25 giram a lita gargaɗi ne, 1,26 zuwa sama idan aka maimaita ya tabbata ciwon sukari ne. Hawan jini daga 14/9 yake farawa.

Shayinmu fa?

Na san ba a son jin wannan. Ƙirga sukarin da ke shiga buta daga na farko zuwa na uku, a sha da hantsi, a sake bayan la'asar, ga lemun kwalba, ga shinkafa da taliya da burodi. Ban ce a watse fada ba, a rage sukarin da rabi dai. Damben zogala da wake da tuwon hatsi sun fi wa jiki sauƙi, muddin ba a cika ci ba. Gishiri kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin kilishi duk a cikin lissafi suke.

Tafiyar ƙafa ta fi komai araha. Minti 30, sau biyar a mako, bayan asuba kafin rana ta buɗe. Tsokar da ke aiki tana jan sukari ko da insulin kaɗan ne, kuma mai kilo 90 da ya sauke biyar ko shida kan ga bambanci a awo biyun.

In na gyara cimata zan iya ajiye maganin tansiyo?

Kada ka ajiye da kanka, Baba. Shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama kafin ta shigo. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari kan ɗan ɗaga sukari, saboda haka idan za ka koma, tafi da kwalin maganin da takardar awon sukarin tare, likita ya gan su a zama ɗaya.