Lambar nau'in jirgin ruwan yaƙi

Lambar nau'i ita ce haruffa da alƙaluman da ake rubutawa a jikin jirgin ruwan yaƙi domin a san irinsa da aikinsa. Daban take da haruffan gaban suna, irin su NNS na Najeriya ko HMS na Birtaniya, waɗanda ke nuna ƙasar da ta mallaki jirgin.

Tarihi

Amurka ta tsara nata salon ranar 17 ga Yuli, 1920. Harafin farko ke faɗin dangin jirgi, na biyu ya faɗi reshensa, idan kuwa babu reshe sai a maimaita harafin. Daga nan aka sami BB ga manyan jiragen igwa, DD ga jiragen destroyer masu sauri da ke farautar jiragen abokan gaba, SS ga na ƙarƙashin teku. Jirgi mai ɗaukar jiragen sama ya sami CV, na farko shi ne Langley, CV-1, a 1922. Ana saɓani a kan asalin V ɗin. Wasu na danganta shi da kalmar Faransanci ta tashi sama. Da sababbin makamai suka zo sai aka riƙa ƙara haruffa a ƙarshe: N ga mai aiki da nukiliya, kamar Nautilus, SSN-571, na 1954, G kuma ga mai makamai masu linzami.

Salon Birtaniya ya samo asali ne daga tutocin sigina, tun wajajen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan Yaƙi na Biyu harafi ɗaya ya koma nuna nau'i: F ga firigat (matsakaicin jirgin yaƙi mai rakiyar wasu jirage), R ga mai ɗaukar jiragen sama, A ga na hidima, P ga na sintiri.

A Najeriya

Galibi salon Birtaniya ake bi. NNS Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya shiga aiki a 1982, yana ɗauke da F89, sunansa kuma Hausa ce tsantsa. NNS Thunder ya nuna yadda lamba ke canjawa idan jirgi ya sauya hannu: a wurin masu gadin gaɓar tekun Amurka WHEC-718 yake, da Najeriya ta karɓe shi a 2011 ya koma F90. NNS Kada kuwa, mai sauke dakaru da motoci a gaɓa, LST ke jikinsa, salon Amurka.