Mene ne GNSS, kuma yaya yake auna motsin ƙasa?

GNSS suna ne da ya haɗa rukunonin taurarin ɗan'adam da ke gaya wa na'ura inda take a doron ƙasa: GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin. Taurarin GPS suna shawagi a tsayin kusan kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙo ɗauke da lokacin da ya taso. Na'urar da ke ƙasa sai ta lissafa daɗewar saƙon a hanya, ta gane tazararta da tauraron. Da ta kama huɗu, ta san matsayinta.

Wayar hannu takan kauce da 'yan mitoci, wanda ba ya damun mai neman hanya. Masana ƙasa kuwa milimita suke farauta. Shi ya sa suke kafa eriya a kan ginshiƙi da aka dasa daram, ta shekara da shekaru tana karɓar saƙo dare da rana. In lissafi ya nuna ta gusa, to ƙasar da ke ƙarƙashinta ce ta gusa.

Japan na da irin waɗannan tashoshi wajen 1,300, a tsarin da ake kira GEONET. Kafin 2011, tashoshin gabar arewa maso gabashin ƙasar suna ta matsawa yamma sannu a hankali, saboda farantin tekun Pasifik, ɗaya daga manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa masu motsi, yana kutsawa ƙarƙashin farantin da yankin ke kai da santimita 8 zuwa 9 a shekara, bakin farantan biyu kuma a maƙale yake. Kamar baka ne da ake ja, ana ja, har tsirkiya ta kuɓuce. Ranar 11 ga Maris 2011 ta kuɓuce, aka yi gagarumar girgizar ƙasa. Tashar Oshika da ke wannan gaba ta zabura wajen gabas da mita 5.3, ta kuma nutse da mita 1.2.

A ganina nan ne darasin ya fi armashi a aji. Malami ya miƙa wa ɗalibi zanen bayanan tasha guda: layi yana gangarowa a natse shekara bayan shekara, kwatsam ya yi tsalle, bayan haka ma ya ci gaba da rarrafe gabas, don ƙasa ba ta gama daidaituwa a rana ɗaya. Da rula da fensir yaro zai fitar da saurin tafiyar garin da kansa.

Amma fa GNSS ba ya faɗin ranar da girgiza za ta auku. Inda ƙarfi ke taruwa yake nunawa, sannan ya taimaka a gane girmanta da wuri. A 2011 kiyasin farko na hukumar yanayi ta Japan kan girman girgizar maki 7.9 ne, alhali girgizar ta kai 9.0, gargaɗin farko kan tsunami (ambaliyar teku da girgiza ke haddasawa) kuma ya yi ƙasa da abin da ya zo.

A Najeriya, cibiyar NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, da ke Toro a jihar Bauchi tana irin wannan awo.