A daina hura wuta da leda, ga curin takarda

Tun shigowar hunturun bana, da wuya rana ta wuce ba a kawo mini yaro mai tari ba a ɗakin shan maganin da nake aiki a nan Marwa, ƙirjinsa na kuka, idanunsa sun yi ja suna zubar da hawaye. Idan na tambayi uwar da me take hura wuta, sai ta sunkuyar da kai, domin ni da ita mun san cewa leda ce. A makon jiya na shiga wani gida ziyara, na tarar da matar gidan a durƙushe gaban murhu da jariri goye a bayanta, baƙar leda tana narkewa tana ɗiga a kan itace, hayaƙin kuwa yana bi ta kafaɗarta zuwa hancin yaron.

Iyayena mata, na san ba da gangan kuke yi ba. Itace ya yi tsada, wanda ake samu ma sau da yawa ɗanye ne, kananzir kuma ba kullum ake da kuɗinsa ba. Amma hayaƙin leda guba ne, kuma na gaji da ba da maganin tari ga yaron da za a mayar gaban murhun da ya jawo masa ciwon. Tun 2014 aka hana siririyar leda a Kamaru, duk da haka ga ta a kasuwa, ga ta kuma a madafinmu. Don Allah a daina! Haka ma tsohon silifa da guntun taya.

Abin da zai maye gurbinta yana cikin gidajenmu: tsohuwar jarida, littattafan yara da suka cika, da kwalin da 'yan tireda ke zubarwa. A sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, mata 'yan gudun hijira sun daɗe suna dunƙula makamashin girki daga ragowar amfanin gona, saboda haka wannan ba baƙon abu ba ne a yankinmu.

A yayyaga takardar ƙanana, a jiƙa ta kwana biyu ko uku har ta ruɓe, a kirɓa a tsohon turmi, a zuba garin katako ko ɓawon gyaɗa ko burbushin gawayi, a cusa a gwangwanin tumatir da aka huhhuda, a danne da ƙarfi har ruwan ya tsiyaye, sannan a fitar a shanya a rana ana juyawa. A cire takarda mai sheƙi, kuma kada ko ƙyallin leda ya shiga cikin haɗin, domin na ga masu yayyanka ta a ciki wai don curin ya fi saurin kamawa.

Wurin shanya nake roƙon haƙurinku. Curin da bai bushe har ciki ba hayaƙi kawai zai yi, don haka a ba shi mako guda ko fiye, a fasa ɗaya a duba tsakiyarsa kafin a sa a wuta. Ba ya daɗewa kamar gawayi, yana kuma barin toka da yawa, amma yana tayar da wuta, yana dafa shayi da kunu, yana rage itacen da ake saye. A yi girkin a tsakar gida ko inda iska ke shiga, a sauke goyo tukuna, kuma komai sanyin dare kada a shigar da wuta ɗaki a rufe ƙofa.

Ranar awo mai zuwa zan zo da gwangwanina da bokiti, duk mai son koyo ta taho da takardunta mu dunƙula tare.