Tarif ba haraji ba ne: ma'anar kalmar a batun ruwan famfo

Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin lantarki mafi yawa a Najeriya, kuɗin wuta a Afrilun 2024, sannan Donald Trump ya lafta wa kayan ƙasashe kuɗin fito a Afrilun 2025, kalmar tarif ta zauna a bakin masu shirye-shiryen rediyo. Duk inda ta ɓullo sai a fassara ta da haraji. A batun Trump an yi daidai, domin kuɗin fito haraji ne. Amma da an zo kan famfo aka ce "za a ƙara harajin ruwa", an ɓata magana tun daga tushe. Wasu su kauce su ce "kuɗin ruwa", mai sauraro ya ɗauka ruwan bashin banki ake nufi.

Haraji baitulmali yake shiga, ko ka amfana ko ba ka amfana ba. Tarif kuwa jadawalin farashi ne: wane rukuni kake, nawa ka sha, nawa za ka biya. Asalin kalmar Larabci ne, ta'arif, wato sanarwa, ta'arifin nan da malam ke yi wa mas'ala kafin ya shiga hukuncinta. 'Yan kasuwar Italiya suka are ta, daga nan ta kai Faransanci da Turanci. Saboda haka a ganina farashin da ba a bayyana wa jama'a lissafinsa ba bai ci sunan ba.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Ma'aunin shi ne mita kubik, lita 1,000, wato jarka 40 masu cin lita 25. Hukumar ruwa ta tara abin da za ta kashe a shekara: lantarki da dizal na turo ruwa daga matata irin Tamburawa ko Challawa a Kano, alif da kulorin da farar ƙasa, albashi, gyaran bututu, biyan bashi, da ajiyar sauya injin da ya tsufa. Sai ta raba jimillar da ruwan da aka sayar. A lura, wanda aka sayar, ba wanda aka tace ba.

A nan gizo ke saƙar. A ce hukuma ta kashe naira biliyan 6, ta tace mita kubik miliyan 30. Kowace mita kubik ta tashi naira 200, jarka ɗaya naira 5. To, idan kashi 40 cikin ɗari ya tsiyaye ta fasassun bututu da haɗin sata, saura miliyan 18, farashi ya koma naira 333. Idan kuma rabin masu sha ne kawai ke biya, nauyin da ke kan mai biya ya kai naira 667. Ruwan bai ƙara tsada ba, asara ce aka ɗora wa mai gaskiya. Duk jami'in da ya ce yana son farashin da zai mayar da kuɗin samarwa, a fara tambayarsa kashi nawa ne ke zubewa a hanya.

Inda babu mita, kuɗi ɗaya ake yanka wa gida duk wata, ruwa ya zo ko bai zo ba. Wannan ne ma ya sa mutane ke jin sa kamar haraji, kuma ba su da laifi.  

Inda akwai mita, akan yi farashi hawa-hawa. A Nijar mita kubik 10 na farko a wata su ne masu rahusa, don talaka. Niyyar mai kyau ce, amma ta ɗauka mita ɗaya iyali ɗaya ne. Gidan haya mai iyali takwas da famfo ɗaya a tsakar gida kan cinye hawan farko cikin kwana kaɗan, sauran watan su biya farashin masu ban ruwan furanni. Wanda ba shi da famfo kuwa rahusar ba ta ma iso shi ba, wurin ɗan garuwa yake saya jarka-jarka. Gyaran shi ne a ƙidaya iyalan da ke shan mita ɗaya a faɗaɗa musu hawan farko daidai yawansu, ko a ba kowane iyali tasa mitar.