Tarar miliyan 10 kan hoton titi: ina gaskiyar take?

Tun bayan hawan sallah wani saƙo ke yawo a WhatsApp, wai duk wanda ya ɗauki hoton mutum a titi ba da izininsa ba, tarar naira miliyan 10 ta hau kansa. Akwai maƙwabcina da kullum da hantsi yake tsakanin Ƙofar Doka da Tudun Wada a nan Zariya, kyamara a wuya, yana jiran rana ta sauka a kan rawanin wani dattijo ko farantin mai goro. Yanzu a jaka yake ɓoye ta. Ya ce da ni, "Malam, ni ina na ga miliyan 10?"

Dokar da ake nufi ita ce ta kare bayanan jama'a, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ta shafi bankuna, kamfanonin waya, asibitoci da duk mai tara bayanan mutane, kuma hoton da za a gane mai shi yana cikin bayanan. Iyakar gaskiyar saƙon ke nan.

Miliyan 10 ɗin ta manya ce, masu riƙe da bayanan ɗimbin jama'a. Ta ƙanana miliyan 2 ce. A duka biyun, ko dai wannan adadin ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Wannan ma ƙololuwa ce, tarar na iya yin ƙasa da haka nesa. Hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce ke bincike ta yanke, babu ɗan sanda ko ɗan sintirin da ke da hurumin tare ka a unguwar PZ ya ce biya. Sashe na 3 na dokar kuma ya sassauta wa abin da aka wallafa don amfanin jama'a ta fuskar jarida, ilimi ko fasaha, in bin sharuɗɗan zai hana aikin yiwuwa. Hoton titi kuwa, da ka ce "Baba, tsaya in ɗauke ka", ya gyara hula, shi ke nan ya lalace.

Inda ya kamata a yi hattara daban ne. Zariya garin barikoki ne, kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar wuraren tsaro ba izini. Sai yara: inda ake buƙatar amincewa, ta iyaye ko mariƙi ake nema wa ɗan ƙasa da shekara 18. A nan kam ina bayan dokar. Na gaji da ganin fuskar almajiri da robarsa a Instagram, alhali ko malaminsa ba a gaisar ba.