Damshi da fumfuna a cikin gida

Damshi shi ne laimar da ke zama a bango, daɓe ko rufin ɗaki ta ƙi bushewa. Fumfuna kuwa ƙananan halittu ne da ke tsirowa a kan laimar, suna cin katako, takarda, fata da tufafi. Waɗanda aka fi samu a gidaje su ne Cladosporium, Penicillium da Aspergillus. Ƙwayoyinsu na yawo a iska kullum, ruwa kawai suke jira. Shi ya sa gogewa ba ta kawar da su muddin ruwan na nan.

Hanyoyin shigar ruwa

Na farko yoyo ne daga sama: kwanon da ƙusa ta saki, indararon da ya toshe, ko bututun da ya fashe cikin bango. Tabonsa yakan faɗaɗa bayan an yi ruwa. Na biyu shi ne ruwan da bango ke zuƙowa daga ƙasa, wanda ba kasafai yake wuce mita 1 ba, yana kumbura fenti, fulasta na marmashewa. Na uku tururin girki, wanka da shanyar cikin ɗaki ne, da ke zama raɓa a bango mai sanyi, musamman bayan kabad.

Don rarrabewa, a liƙa leda mai kauri a bangon, a rufe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta awa 48. Idan ruwa ya taru a ƙarƙashinta, daga cikin bango yake fitowa. Idan a samanta ne, daga iskar ɗakin yake.

Dabarun magina na gargajiya

A ƙasar Hausa ginin tubali ya daɗe yana fama da ruwan damina, musamman na watan Agusta. Magina sukan yi gindin bango da kauri, ya riƙa sirancewa zuwa sama. Rufin soro, wanda ake shimfiɗa wa azara a ɗora ƙasa, ana karkata shi kaɗan zuwa indararo, shi kuma indararon a tsawaita shi don ruwa ya zuba nesa da gindin gini. Kafin ruwa ya sauka akan sabunta yaɓe. Ana cuɗa ƙasar yaɓen da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali sukan shafe rufi da laso, haɗin katsin marina, gashin jima da dafara. Irin wannan bango yana shan laima, yana kuma sakinta idan rana ta fito. Matsala takan taso ne idan aka lulluɓe shi da siminti: ruwan da ya shiga ta tsaga ba ya samun mafita, sai ƙasar ta jiƙe ta ciki, wata rana fulastar ta ɓalle gaba ɗaya.

A Ingila, wajajen shekarun 1870 aka fara tilasta shimfiɗa abin tare ruwa a gindin bango. A yau leda mai kauri ko kwalta ake sawa, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje.

Ganewa da tsaftacewa

Sau da yawa wari ke fara tona fumfuna. Farin garin da ke fitowa a bulo kuwa galibi gishiri ne: yana narkewa a ruwa, fumfuna ba ta narkewa.

Ana fara gyara yoyon tukuna. Kayan da suka jiƙe a busar da su cikin awa 24 zuwa 48. Idan tabon bai kai murabba'in mita 1 ba, mai gida na iya gogewa da kansa: ya buɗe tagogi, ya sa safar hannu da takunkumi, ya wanke da sabulu da ruwa, ya bari ya bushe sarai. Mai son amfani da bilic kada ya wuce mililita 240 a lita 4 na ruwa, kuma kada ya haɗa shi da amoniya ko ruwan wanke masai, domin hayaƙin guba ne. Kankarewa a bushe tana watsa ƙwayoyin a ɗaki. Katifa, kafet da silin ɗin kwali da fumfuna ta ratsa sai dai a zubar. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango ɓarnar kuɗi ne, zai ɓare. A janye kabad santimita 5 zuwa 10 daga bango, laimar iska kuma ta tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100.

Lafiya

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da ya danganta zaman gida mai damshi da tari, toshewar numfashi da tashin asma. Yara, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗari, kuma bai kamata su yi aikin gogewar ba.

Akwai saɓani kan baƙar fumfuna, Stachybotrys chartarum. An zarge ta da zubar jini a huhun jarirai a birnin Cleveland na Amurka a tsakiyar shekarun 1990, amma a 2000 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce ba a tabbatar da alaƙar ba. Launi kaɗai ba ya nuna nau'in fumfuna.