I Am Legend (littafin Richard Matheson)

I Am Legend ƙagaggen labari ne na ban tsoro da marubucin Amurka Richard Matheson (1926–2013) ya rubuta, kamfanin Gold Medal Books kuma ya buga shi a shekarar 1954. Labarin ya ta'allaƙa ne a kan Robert Neville, wanda a iya saninsa shi kaɗai ne ya tsira da lafiyarsa bayan wata annoba ta mai da mutanen duniya masu shan jini, ya kuma mai da farautarsu sana'arsa ta kullum.

Asali

Matheson ya sha faɗa cewa tunanin ya zo masa ne bayan ya kalli fim ɗin Dracula yana matashi, inda ya ga cewa idan mai shan jini guda ɗaya yana razana mutane, to duniyar da ta cika da su za ta fi razanarwa nesa ba kusa ba. Ana jin ya rubuta littafin ne a farkon shekarun 1950, lokacin da fargabar yaƙin nukiliya ta mamaye Amurka, kuma ana ganin alamar hakan a labarin, domin guguwar ƙura da ta biyo bayan wani yaƙi na cikin abubuwan da suka yaɗa cutar, tare da sauro.

Labarin

Labarin ya fara ne a watan Janairu na 1976 a birnin Los Angeles, ya ƙare a Janairun 1979. Neville ya rasa 'yarsa Kathy da matarsa Virginia, wadda ta tashi bayan ya binne ta, ta dawo ƙofar gida, har sai da ya sake kashe ta da hannunsa. Ya toshe tagogin gidansa da katako, ya rataya tafarnuwa a kowace kafa don korar masu cutar, yana samun wuta daga janareta. Da zarar rana ta faɗi sai masu cutar su kewaye gidan, tsohon maƙwabcinsa Ben Cortman yana ƙwala masa kira ya fito, shi kuwa yana ciki yana shan giya, ya ƙure sautin kiɗa don kada ya ji su. Da gari ya waye sai ya kwashi turakun da ya fiƙe, ya bi gida-gida yana soke su a ƙirji suna barci, sannan ya kai gawarwakin wani rami da ake ƙona matattu tun zamanin annobar.

Sashen da ya fi nauyi a littafin shi ne binciken da Neville ya shiga da littattafan ɗakin karatu da na'urar duba ƙwayoyin cuta, duk da cewa shi ba likita ba ne. Ya gano cewa wata ƙwayar cuta ce a jini ke haddasa komai, cewa hasken rana yana halaka masu ɗauke da ita, kuma turke yana kisa ne saboda yana buɗe wa iska hanyar shiga jiki. Tsoron gicciye da wasu masu cutar ke yi kuwa ya danganta shi da abin da mutum ya yi imani da shi tun yana da rai, shi ya sa Cortman, wanda Bayahude ne, bai damu da gicciye ba amma ya firgita da ganin Attaura. Neville yana zaton cizon wani jemage a Panama ne ya ba shi kariya daga cutar.

Daga baya ya haɗu da wata mata mai suna Ruth, wadda ashe 'yar leƙen asiri ce ta wata sabuwar al'umma ta masu cutar da ba su mutu ba, waɗanda suka samo maganin da ke danne ta. A cikin waɗanda Neville ya kashe suna barci har da mijinta. Da suka kama shi don zartar masa da hukuncin kisa, sai ya fahimci cewa a idonsu shi ne dodon da ke zuwa ya kashe mutum a kan gadonsa. Ruth ta ba shi ƙwayoyin kashe kai, ya haɗiye su kafin lokacin hukuncin.

Tasiri

Daraktan fim George Romero ya amsa cewa daga wannan littafi ya samo tunanin fim ɗinsa Night of the Living Dead na 1968, wanda ya kafa siffar zombi, wato gawar da ke tashi tana cin naman mutane, kamar yadda aka san shi yau. Ana saɓani kan ko littafin labarin zombi ne, tun da halittun cikinsa suna magana kuma suna gudun rana. An mai da shi fim a 1964 da Vincent Price, a 1971 da Charlton Heston, sai a 2007 da Will Smith, fim ɗin da ya kai labarin New York ya kuma sauya ƙarshensa. Matheson yana cikin marubutan fim na farko, amma bai gamsu da shi ba, sai ya sa aka rubuta Logan Swanson maimakon sunansa.